Sabbin ɗanɗanon lemon kwalba: juya kwalbar tukuna

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwanan nan sabbin lemuka sai fitowa suke yi, yau mangwaro da citta, gobe kankana da na'a-na'a. Yarana sun nace sai na saya, ni kuma ina ganin tunda da hoton 'ya'yan itace a jiki ai sun fi kola lafiya. Haka ne? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Hoton nan talla ne kawai. Juya kwalbar ki duba bayanta. A ƙa'ida ana jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka in kin ga ruwa, sai sukari, sai can ƙarshen layi aka ambaci ƙamshin mangwaro, to mangwaron iyakarsa ƙamshi. Shi kuwa ƙamshi ya isa ya ruɗi baki, domin yawancin abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke jinsa. Shi ya sa mai mura yake jin komai salam. Kamfanoni sun san wannan sarai: ruwan, gas ɗin da sukarin suna nan yadda suke, a sauya ƙamshi da launi, a manna sabuwar takarda, an samu "sabon" lemo.

Sukarin za ki sa wa ido. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yana ɗauke da kimanin giram 35, wato kusan cokalin shayi tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, in da hali ma 25. Mai hoton mangwaron yana iya kamo kola a zaƙi, don haka ki kwatanta adadin da aka rubuta a kan kowace mililita 100.

Tambaya: Waɗanda aka rubuta babu sukari fa, da masu cewa suna gyara ciki? Sun cancanci kuɗinsu?

Amsa: In ka saba shan mai sukari kullum, komawa marar sukari rangwame ne, Malam. Amma ba maganin ƙiba ba ne. A 2023 hukumar lafiyar ta ba da shawarar kada a dogara da sinadaran zaƙi masu maye gurbin sukari don rage nauyi. Tsamin da ke cin haƙori ma yana nan. Masu "gyara ciki" kuma su ake yayi a Amurka, har PepsiCo ta sayi Poppi, wani kamfanin irin wannan lemo, a 2025 kan kusan dala biliyan 2. Sukarinsu kaɗan ne, wannan gaskiya ne, amma ni ba zan ƙara kuɗi don alkawarin gyaran hanji a kwalbar lemo ba.

Tambaya: Na ɗanɗana wani sabo ya yi mini. In sayi katan guda?

Amsa: Sayi kwalba biyu, ka shanye ɗaya har ƙarshe tukuna. Kurɓin farko mayaudari ne. A 1985 Coca-Cola ta sauya haɗinta bayan sabon, wanda ya fi zaƙi, ya yi nasara a gwajin ɗanɗano. Jama'a suka yi ca, kwana 79 kacal aka dawo da tsohon. Coca-Cola Spiced ma da ta fito a farkon 2024 ba ta cika shekara ba aka janye ta. In kwalba ta biyu ba ta gundure ka ba, sai ka yi maganar katan.