Kafin ka sake buga chmod 777 a kan fayil ɗin manoman nan

Ɗan'uwa, sannu. Ina ganin hoton allon da ka turo na gane ciwon, don duk wanda ya taɓa loda CSV (fayil ɗin jadawali irin wanda Excel ke fitarwa) cikin rumbun bayanai na MySQL a kan Linux na Ubuntu ya sha wannan ruwan. Ka ce rajistar manoman shinkafa ce ta ƙungiyarku a Argungu, layi wajen dubu arba'in, fayil ɗin yana cikin Downloads ɗinka, kana buɗe shi lafiya lau, amma LOAD DATA INFILE ya ba ka ERROR 1290. Ka taɓa saitin secure_file_priv na MySQL, sai ya koma ERROR 29 da errno 13, Permission denied. Ka yi chmod 777, wato ka buɗe wa kowa izinin fayil ɗin baki ɗaya, kamar yadda aka ce maka, ko gezau.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ba kai ke buɗe fayil ɗin ba. In ka buga LOAD DATA INFILE babu kalmar LOCAL, sabar MySQL, wato manhajar da ke riƙe da rumbun, ita ce ke zuwa da ƙafarta ta ɗauko shi, kuma tana tafiya ne da asusun Linux mai suna mysql. Root ɗin da ka shiga MySQL da shi sunansa kawai ya yi kama da root na Linux, ba ya ba sabar ikon root na Linux. Saboda haka gwajin farko shi ne ka sa rigar sabar ka gani da idonta:

sudo -u mysql head -n 2 /home/sunanka/Downloads/manoma.csv

Na kusa rantsewa za ta ce maka Permission denied. Dalili kuwa, tun daga Ubuntu 21.04 foldar gida ta sabon asusu tana zuwa da izinin 750, wato bare ba ya ko leƙawa. Fayil ɗinka yana nan a buɗe da 777 amma ƙofar zauren a kulle take. Kafin sabar ta kai ga fayil, sai ta sami izinin x, wato izinin wucewa, a kan kowace folda da ke kan hanya, daga /home har Downloads. Buga namei -l da cikakkiyar hanyar fayil ɗin, zai jero maka su ɗaya bayan ɗaya da mai kowace da izininta, nan take za ka ga inda aka tare.

Kuma don Allah bari in ɗan tsaya a kan masu cewa a yi 777 ɗin nan, don abin yana ci mini rai. Mutum ya zo a ruɗe, ana jiran rahoto gobe da safe, sai wani ya jefa masa layi ɗaya ya wuce abinsa, bai ko tambayi lambar kuskuren ba. Da bai yi aiki ba sai a ce ƙara -R don ya shafi duk abin da ke cikin foldar, hau sama, yi wa foldar gida gaba ɗaya. To in ka yi wa gidanka 777, SSH, hanyar shiga na'urar daga nesa, zai daina karɓar mabuɗinka, don ba ya yarda da gidan da kowa zai iya rubutu a ciki. In hannu ya kai /etc/mysql, MySQL zai ce fayil ɗin saitinsa, my.cnf, kowa na iya rubuta shi, ya yi watsi da shi, duk saitinka ya tashi a banza kana ta mamakin me ya sa gyara ba ya kamawa. In kuwa tsautsayi ya sa ka bar tazara bayan alamar / ta farko a hanyar, umarnin ya faɗa kan / baki ɗaya, sudo kansa zai ƙi tashi, daga nan sai dai a sake girka na'urar. Wanda ya ba da shawarar yana can yana barcinsa. Sannan wannan fayil fa sunayen mutane ne da lambobin wayarsu, wataƙila har da NIN da BVN. Amana ce, ba abin da za a bari a buɗe ga kowane asusu da ke kan na'urar ba. Ka mayar da shi 640 yanzu, wato kai ka karanta ka rubuta, rukuninka ya karanta kawai, bare ba komai.

Shi kuwa 1290 na farko ba shi da alaƙa da chmod ko kaɗan. Saiti ne mai suna secure_file_priv da ke tsare sabar a folda guda. Duba shi da SHOW VARIABLES LIKE 'secure_file_priv'. A Ubuntu za ka ga /var/lib/mysql-files/. In ka ga NULL, an rufe lodin da sabar ke yi da kanta gaba ɗaya. Ba ya canzuwa da SET GLOBAL, sai a fayil ɗin saiti tare da sake tayar da sabar. Ni dai shawarata ka mayar da shi yadda ka same shi, ka kai fayil ɗin inda sabar ke so:

sudo cp /home/sunanka/Downloads/manoma.csv /var/lib/mysql-files/
sudo chown mysql:mysql /var/lib/mysql-files/manoma.csv
sudo chmod 640 /var/lib/mysql-files/manoma.csv

Sai ka ba LOAD DATA sabuwar hanyar cikakkiya. Wannan kaɗai yana kashe yawancin matsalar. In asusun da kake aiki da shi ba root na MySQL ba ne, sai an ba shi izinin FILE, kuma ba a bayar da shi a kan rumbu ɗaya, dole ON *.* ne. Rashinsa ERROR 1045 yake kawowa, mutum ya yi ta canza kalmar sirri alhali lafiyarta ƙalau. Ka tuna wanda ke da FILE yana iya karanta duk abin da sabar ke iya karantawa in aka buɗe secure_file_priv, shi ya sa na ce ka mayar.

Akwai wani mai gadin da ba a gani. Ko da izini ya yi daidai, gwajin sudo -u mysql ya wuce, Ubuntu yana da AppArmor da ke da jerin wuraren da mysqld zai taɓa, kuma abin haushin shi ma errno 13 yake bayarwa, ba ya faɗin sunansa. Buga sudo dmesg | grep DENIED bayan lodin ya faɗi. In ka ga apparmor="DENIED" da hanyar fayil ɗinka, ga ɓarawon nan. Kada ka kashe AppArmor ɗin. In dole sai wata folda, misali /data/lodi, ƙara layinta da r a /etc/apparmor.d/local/usr.sbin.mysqld, sannan sudo systemctl reload apparmor. 'Yan'uwa masu Rocky ko AlmaLinux, naku mai gadin SELinux ne, kuma tarkonsa shi ne mv: fayil ɗin da aka matsar yana tafiya da tambarin gidansa na da, wanda aka kwafa da cp kuwa yana ɗaukar na sabon wuri. Umarnin restorecon -v a kan fayil ɗin ke gyarawa. Masu MariaDB kuma ku duba ProtectHome a saitin systemd, shi ma yana hana sabar ganin /home ɗungurungum.

Af, in a filashi aka kawo maka fayil ɗin daga Jega ko Yauri, kada ka loda kai tsaye daga /media. Filashin FAT32 ko exFAT bai san izinin Linux ba, chmod ba ya canza komai a kansa. Kwafe shi tukun.

Hanya ta biyu ita ce LOAD DATA LOCAL INFILE, inda manhajar da ke hannunka ce ke karanta fayil ɗin da izininka ta miƙa wa sabar. In sabar tana wata na'ura ko cikin Docker, ita ce ma ta fi sauƙi, don sabar ba ta ganin faifanka. A MySQL 8.0 a kashe take zuwa, za ka ga ERROR 3948. Sai ka kunna ɓangare biyu: SET GLOBAL local_infile=1; a sabar, sannan ka shiga da mysql --local-infile=1. A manhajar MySQL Workbench kuwa sai ka sa OPT_LOCAL_INFILE=1 a sashen Advanced na haɗin. Amma ka yi hattara, LOCAL yana mayar da kurakurai gargaɗi. Layin da maɓallinsa (primary ko unique key) ya maimaitu zai tsallake shi shiru, ya ce maka Query OK. Ka karanta adadin Skipped da Warnings, ka buga SHOW WARNINGS nan take, ka gwada COUNT(*) da abin da wc -l ya ba ka, ban da layin kanu. Manomi ɗari uku su ɓace a rajista, ranar rabon taki ne za a sani, kuma kai za a nema.

Na san ba ka tambayi wannan ba, amma tunda daga Excel fayil ɗin ya fito, buɗe shi da head ka kalli lambobin waya da kyau. Excel yana cinye sifilin farko, 0803 ya koma 803, in kuma an sa 234 a gaba yakan mayar da lambar wani abu mai E+12 a ƙarshe, kuma in aka adana CSV a haka lambar ta tafi ke nan. Ginshiƙin waya da NIN ka sa su VARCHAR, ba INT ba. Fayil ɗin Windows yana ƙare layi da \r\n, ka faɗa wa LINES TERMINATED BY haka, in ba haka ba ginshiƙin ƙarshe zai kwaso wani harafin da ba a gani, ka nemi Argungu a rumbu a ce babu. Ka adana shi a matsayin CSV UTF-8, ka sa CHARACTER SET utf8mb4, don sunaye irin su Ɗanladi da Ƙasimu kada su koma alamar tambaya. Kada ka manta IGNORE 1 LINES don a tsallake layin kanu.

Sannan yanayin wutarmu ka san shi. In aka ɗauke ana tsakiyar lodi a teburin InnoDB, lodin gaba ɗaya zai koma baya idan sabar ta tashi, wannan da sauƙi. Teburin MyISAM ne ke barin rabi a ciki, har ya iya lalacewa. Layi dubu arba'in daƙiƙoƙi ne, amma duk da haka ka loda cikin teburin wucin gadi tukun, ka duba, sannan ka juye cikin na gaske.

In ka yi cp ɗin nan bai wuce ba, turo mana abu uku a rubuce, ba hoton allo da waya ba: abin da namei -l ya nuna, ƙimar secure_file_priv, da layin DENIED in akwai. Ka goge sunayen mutane kafin ka turo.