Amsa: Karatun falsafa zai taɓa min imani?

Ɗan'uwa, ka ce kana son nazarin hujjojin samuwar Allah, amma kana tsoron kada imaninka ya girgiza. Wallahi tambayoyin nan ba baƙi ba ne a Kano. Duk wanda ya durƙusa a zaure aka biya masa Ummul Barahin, littafin tauhidi na Shehu Sanusi, ya san hujjar: duniya fararriya ce, kuma duk fararre sai da wanda ya fare shi. Ni a wani zaure a Madabo na fara jin ta bayan Magariba, malam na fassara, muna cika gefen shafi da rubutu.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, sai da ya ƙware a falsafa kafin ya yi mata raddi. A mas'aloli 3 ya kafirta masu ita, ciki har da cewa duniya ba ta da farko, amma bai yar da manɗiƙi ba, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja da hankali. Daga baya Ibn Rushd, masanin falsafa na Andalus, ya mayar masa da martani.

Ka fara da tauhidi gaban malami, sannan manɗiƙi. Littattafan suna nan jibge a kasuwar Kurmi. Muhawarorin YouTube na tsakar dare kuwa, bar su tukuna.