Amsa ga almajirina kan zanen halittun da ido bai taɓa gani ba

Ɗana, na karanta takardar da ka aiko mini bayan dawowarka daga Legas, inda ka ce ka shiga wani gidan baje kolin zane-zane ka tarar da ayyukan marigayi Twins Seven-Seven rataye a bango, ga dodanni masu dara-daran idanu, ga namun daji masu fuskar mutane, kowanne jikinsa a lulluɓe da ɓawo irin na kifi. Tambayarka ita ce, tun da babu wanda ya taɓa ganin irin waɗannan halittu balle ya ce an yi kuskure wajen zana su, ashe wannan aiki bai fi sauƙi ba, kuma mene ne dalilin da ya sa na shekara biyu ina tura ka kasuwar dabbobi kana zana akuya da zakara? Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai, domin ta nuna cewa ka tsaya ka duba da idon mai sana'a, amma hukuncin da ka yanke bai yi daidai ba. Zanen halittar da babu ita ya fi zanen akuya wuya nesa ba kusa ba, saboda mai kallon akuya yana cike maka giɓin aikinka da akuyar da ya sani a gidansu, shi kuwa mai kallon dodo ba shi da abin da zai dogara da shi sai abin da hannunka ya ajiye masa.

Bari in fara da mutumin da ka gani. An haife shi a 1944, kuma ɗan rawa ne kafin ya zama mai zane. A 1964 ya shiga taron koyon zane da Georgina Beier, wata mai zane haifaffiyar Ingila, ta gudanar a Mbari Mbayo, wata cibiyar masu fasaha da ke Oshogbo, ya soma da alƙalami da tawada, daga baya ya koma aiki a kan falankin katako, yana yanke siffa da zarto yana ɗora ta a kan wani falankin har ta taso daga bango kamar za ta fito. An nuna aikinsa a babban bajen kolin Magiciens de la Terre a Faris a 1989, hukumar UNESCO ta naɗa shi mai fasaha na zaman lafiya a 2005, ya rasu a Ibadan a 2011. Sunan da aka san shi da shi ya samo asali ne daga cewa mahaifiyarsa ta haifi tagwaye sau bakwai, shi kaɗai ya rayu a cikinsu. Za ka iya ce mini ai bai zauna a aji an koya masa ƙasusuwan dabba ba, kuma gaskiyarka ce. Sai dai ka koma ka tuna abin da ka gani da kyau, domin halittunsa suna da doka mai tsanani: ba ya barin fili ko kamar tafin hannu ba tare da ya cike shi da ƙananan layuka ba, layukan kuma suna bin jikin halittar suna lanƙwasa inda nama ya lanƙwasa, su matse a wuya su buɗe a ciki. Wanda ya yi rawa ya san inda nauyin jiki yake sauka, kuma wanda ya tashi cikin labaran daji da dodannin bukukuwan Yarbawa ba daga iska yake ɗebo siffofinsa ba.

Wannan ita ce hanyar ado, inda tsarin layi yake riƙe halittar. Akwai kuma hanyar ƙashi, wadda ita nake ɗora ka a kai domin ita na fi sani. Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan ɗan Italiya, ya rubuta a cikin takardunsa cewa duk mai son dabbar da ya ƙirƙira ta yi kama da ta gaske, to ya ɗauko kowace gaɓa daga dabbar da ake da ita, kamar kan kare, da idanun kyanwa, da kunnuwan beguwa, da girar zaki, da wuyan kififiya. Kakanninmu masu tatsuniya ma haka suka yi wa Zankallala, wanda suka ce ɗan ƙarami ne, amma sandarsa maciji ce, ƙaiminsa kunamu ne, hularsa kuma taron ƙudan zuma. Babu ko ɗaya cikin kayan nan da yaro bai sani ba, haɗuwarsu ce kawai baƙuwa, kuma daga nan tsoro da mamaki suke fitowa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne karkandar Albrecht Dürer, wani mai zane Bajamushe. A 1515 aka sauke wata karkanda daga Indiya a Lisbon, kyauta ga sarkin Fotugal, shi kuwa Dürer yana Nuremberg a ƙasar Jamus, bai taɓa ɗora ido a kanta ba, wasiƙa da ɗan gajeren zane kawai suka iso masa. Ya zana ta aka sassaƙa a katako aka buga, ya sa mata faranti-faranti kamar sulke, ya yi wa ƙafafunta ɓawo, har ya ƙara mata ɗan ƙaho a doron wuya wanda karkanda ba ta da shi. Duk da haka mutanen Turai sun shafe fiye da shekara 200 suna kwafar wannan hoto a matsayin karkandar gaskiya. Abin da ya jawo haka shi ne dabbar tana tsaye da nauyinta a kan ƙafafu huɗu da za su iya ɗaukar ta, kowane faranti yana da inda ya fara da inda ya shige ƙarƙashin ɗan'uwansa, kuma mai zanen ya riga ya ƙware a kan doki da zomo da tsuntsu kafin wannan aiki ya zo masa.

To ga abin da kasuwar dabbobi take koya maka. Abin da kake gani a ƙafar bayan akuya kamar gwiwa ce ta juya baya, diddige ne, ita gwiwar tana can sama kusa da ciki, kuma wanda bai san wannan ba duk dodon da ya zana zai fito da ƙafafu kamar an karya su. Fiffiken tsuntsu hannu ne, yana da kafaɗa da gwiwar hannu, naman da yake kaɗa shi kuma yana kan ƙirji, saboda haka idan ka ba wa kura fiffike dole ka faɗaɗa mata ƙirji, in ba haka ba fiffiken zai zama kamar an liƙa shi da danƙo. Idanun mai farauta suna gaba, na wanda ake farauta suna gefe, kuma da wannan kaɗai mai kallo yake gane ko halittarka abar gudu ce ko abar tausayi, tun kafin ya lura da haƙoranta.

Wurin da aka fi faɗuwa shi ne mahaɗa, wato inda gashi yake komawa ɓawo ko fatar mutum take komawa ta damo. A nan nake so ka daɗe. Ka kama kaza ka duba ƙafarta, ka ga yadda gashin yake ƙanƙancewa sannu a hankali kafin ɓawon ya karɓe shi, ka duba inda ƙaho yake fitowa daga kan rago, da inda farce yake fitowa daga yatsanka. Na taɓa shafe wata guda a kan wani babban zane na doki mai wuyan maciji, na ƙawata kan da wutsiyar iyakar ƙoƙarina, amma na haɗa wuyan da kafaɗa da layi guda kamar ɗinkin tela. Ranar da aka rataye shi na ga mutane suna tsayawa, idonsu yana zuwa kai tsaye kan wannan layi, sannan su wuce. Abin ya yi mini ciwo, kuma tun daga ranar nake fara kowace halitta daga mahaɗarta. Idan ka gama tsara siffar, ka cike ta da baƙin gawayi gaba ɗaya a wata takarda, ka ja da baya taku goma ka duba, domin halittar da ba a gane ta daga inuwarta, launi ba zai cece ta ba.

Batun baje koli kuwa yana da nasa nauyin, domin zane ɗaya yana iya tsira shi kaɗai, amma goma sha biyu a ɗaki guda suna yi wa juna shaida. Abin da ya kama ka a Legas shi ne ka ji kamar duk halittun daga daji ɗaya suka fito, hannu ɗaya, irin ido ɗaya, irin cikar fili ɗaya. Idan lokacinka ya zo, ka yanke tun farko daga ina haske yake zuwa a duniyarka, waɗanne launuka ne suke cikinta, me halittun suke ci, kuma duk zanen da ya saɓa wa wannan ka bar shi a gida ko da ya fi sauran kyau. Ka rataye su yadda tsakiyar kowanne za ta kai kusan santimita 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsayuwa, ka bar musu tazara domin dodo biyu a manne da juna suna cinye kwarjinin juna, fitila kuma ta sauko daga sama a karkace don kada ƙyalli ya rufe aikin. In a kan falanki ka yi aiki, ka shafe gaba da baya da fentin share fage, saboda wanda aka shafa wa fuska ɗaya yana lanƙwashewa da damina. Sunan kowane zane ya zama gajere, kada ka rubuta wa mai kallo tarihin halittar, ka bar shi ya tsaya a gabanta.

Ban hana ka dodanni ba, ɗana, kuma ina ganin lokaci ya yi da za ka gwada. Ranar kasuwa mai zuwa ka je ka zano mini ƙafar bayan raƙumi sau goma, a tsaye da a gurfane, sannan ka samo jemage ka shimfiɗa fiffikensa ka ƙirga yatsun da ke ciki. Daga waɗannan biyu za ka haɗa mini halitta guda da gawayi, ba launi, ka kawo mini ita shago ranar Asabar da safe mu duba mahaɗar tare.