Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan fim ɗin ciyaman

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tambayarka ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ka ce ka rubuta fim na barkwanci a kan wani ciyaman da ya cinye kuɗin rijiyar burtsatse, kana neman sanin ko ka kai shi a tace, ko kuwa ka ɗora a YouTube kawai tunda a Kaduna kake.

Ka kai shi, kuma ka haɗa kowace takarda kafin ka kunna kyamara. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ikonta ya game Nijeriya duka, sannan mafi yawan masu kallonka da jarumanka suna Kano, inda hukumar jihar take aiki tun 2001, kuma yanzu har finafinai masu dogon zango na YouTube tana bi. Wanda ya ji haushin fim ɗinka ba zai ce wa alƙali an yi masa ba'a ba, takarda zai nema. A 2008 kotun tafi-da-gidanka a Kano ta ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro wata biyu, a rubuce kan zancen rajista da rawa ne, amma jama'a da dama sun ɗauka waƙar Mamar ce ta jawo masa, domin ana ganin da tufafin gwamnan lokacin take.

Ni abin da ya same ni bai ma bi ta hannun masu tacewa ba. Mun yi fim a kan wani kansila mai alƙawarin banza, muka sa masa hula karkatacciya da wata kalma da yake yawan maimaitawa, sai wani ɗan siyasa a yankinmu ya rantse da shi muke. Yaransa suka zo shagon da muke haɗa hoto ana gab da sallar magariba, suka tsinke wayoyi, suka ɗauke kwamfutar da aikin yake ciki, ɗaya daga cikinsu yana shan rake yana tofar da ɓawon a kan teburina. Yaron da yake yi mini aiki, maraya ne, suka mare shi a gabana, ban iya cewa uffan ba. Wallahi har yau idan na tuna yadda ya riƙe kuncinsa yana kallona sai zuciyata ta yi ƙuna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutumin nan ya taɓa kiran mu muka yi masa wasa a taron kamfen, ya yi ta dariya muna shaguɓe ga abokin hamayyarsa. Kuɗin fim ɗin na wani dattijo ne da ya yarda da ni, sai da na sayar da filina na biya shi.

Saboda haka kada ka ba ciyaman ɗinka hular wani, ko lafazin wani, ko launin wata jam'iyya. Ka ƙirƙiri sunan gari da na jam'iyya. A nan Kaduna marigayi Usman Baba Pategi ya daɗe yana Samanja, yana ba mutane dariya da halin soja a lokacin da sojoji ke mulki, domin hali yake nunawa, ba ya nuna wani da yatsa. Intanet kuma ba mafaka ba ce: a 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar kotu saboda sun taɓa gwamna, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015.

Ina roƙonka kada ka fasa fim ɗin, domin mutanen da ake cinye musu kuɗin rijiya suna da haƙƙin su ga an faɗa. Ka yi rajista da MOPPAN, wato ƙungiyar masu shirya finafinai, ka ba lauya labarin ya karanta, ka kuma ajiye kwafin aikinka a gidan wani amintacce wanda ba a san shi da harkar fim ba. Idan masu tacewa suka ce a cire wata fitowa, ka nemi su ba ka dalilin a rubuce.