Sabar ta daina ganin kowa bayan an taɓa adireshin koma-gida

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti a Gusau. Muna da sabar Ubuntu 22.04 mai ɗauke da rumbun bayanai na MySQL, adireshinta 192.168.1.10. Manhajar asibitin tana aiki a kan sabar, amma sauran kwamfutoci ba sa iya shiga rumbun bayanan. Wani mai gyara ya zo ya ƙara 192.168.1.50/24 a kan lo (katin koma-gida, wanda na'ura ke magana da kanta ta cikinsa), ya mayar da bind-address (adireshin da MySQL ke saurare a kai) daga 127.0.0.1 zuwa 0.0.0.0, ya kashe katangar tsaro ta ufw, ya ce an gama. Tun daga ranar sabar ba ta ganin ko rauta. Bayanan marasa lafiya ne a ciki, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, bayananka suna nan. Kurakurai biyu aka yi maka: ɗaya ya toshe sabar, ɗayan kuma zai buɗe ta ga kowa da zarar ka gyara na farko. Don haka ka gyara su a zama ɗaya.

Na farko shi ne /24 ɗin nan. A Linux, idan ka ɗora adireshi a kan lo tare da faɗin zangonsa, tsarin yana ɗaukar zangon gaba ɗaya a matsayin nasa. Sabarka yanzu ta yarda cewa duk wani adireshi da ya fara da 192.168.1 ita ce da kanta, har da na rauta. Duk amsar da za ta tura wa kwamfutar ɗakin magani, sai ta dawo mata. Zauna gaban sabar, tunda SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, ba zai shiga ba, ka buga ip route show table local, za ka ga layin 192.168.1.0/24 a kan lo. Cire shi da sudo ip addr del 192.168.1.50/24 dev lo. Sannan ka leƙa /etc/netplan/, in ya rubuta shi a can ka goge, ka buga sudo netplan apply. In ba haka ba, ranar da wuta ta ɗauke sabar ta sake tashi, matsalar za ta dawo. Ƙarin adireshi a kan lo, ga mai buƙatarsa, /32 ake sa masa, wato adireshi ɗaya tak. Kai ba ka buƙatarsa sam.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Wannan magana ta "sa 0.0.0.0 ka kashe katangar tsaro, komai zai yi aiki" ta zama kamar maganin mai tallar kasuwa, ciwon kai shi, basir shi. Masu gyara da yawa sun ɗauka 127.0.0.1, wato adireshin koma-gida, wata cuta ce da ake cirewa. Ba haka ba ne. Da gangan MySQL ke zuwa a ɗaure da shi a Ubuntu, domin abin da ke saurare a adireshin koma-gida, na'urar da yake ciki kaɗai ke iya yi masa magana. Shi kuwa 0.0.0.0 ba adireshin wata na'ura ba ne, ma'anarsa "saurara ta kowane katin netwok da kake da shi". Da ufw a kashe, duk wanda ya samu kalmar sirrin Wi-Fi ɗinku, ko ɗan jinya ne da ke zaune a baranda da wayarsa, zai iya ƙwanƙwasa ƙofa ta 3306, wadda MySQL ke saurare a kai. In kuma an taɓa buɗe wannan ƙofar a rauta don wani ya yi aiki daga gida, to duniya ce ke ƙwanƙwasawa.

Kada wani ya ce maka wa ya san da ɗan asibiti a Gusau. Ba mutum ke zama yana zaɓe ba, manhajoji ne ke bin adiresoshin intanet ɗaya bayan ɗaya dare da rana. A farkon 2017 an kwashe dubban rumbunan MongoDB, wata manhajar rumbun bayanai kamar MySQL, da aka bari a buɗe, aka goge bayanan, aka bar wasiƙar neman fansa da Bitcoin. Tun daga sigar 3.6, MongoDB ma a ɗaure da adireshin koma-gida yake zuwa. Masu manhajar sun ɗauki darasi, mai gyaranmu ne har yanzu yake kwance abin da suka ɗaure, ya karɓi kuɗinsa ya hau babur.

Ga gyaran. Buɗe /etc/mysql/mysql.conf.d/mysqld.cnf ka rubuta bind-address = 127.0.0.1,192.168.1.10. MySQL 8.0.13 zuwa sama yana karɓar adireshi fiye da ɗaya. Sake tayar da shi da sudo systemctl restart mysql, ka duba da ss -tlnp. Bai kamata ka ga 0.0.0.0:3306 ba. Kafin ka kunna ufw, fara da sudo ufw allow OpenSSH don kada ka kulle kanka waje. Sai sudo ufw allow from 192.168.1.21 to any port 3306 proto tcp, (192.168.1.21 misali ne), ka maimaita ga kowace kwamfutar da ke buƙata da adireshinta, sannan sudo ufw enable. Duba asusun MySQL ma: wanda aka rubuta da '%' daga ko'ina yake shiga, mayar da shi '192.168.1.%', ka canza kalmomin sirri tunda baƙo ya taɓa sabar.

Mai son shiga daga gida, ramin SSH ya ishe shi: ssh -L 3307:127.0.0.1:3306 suna@sabar, sai ya nufi 127.0.0.1 ƙofa ta 3307 a kwamfutarsa. In kuma wata rana kuka koma Docker, manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe, ka sani -p 3306:3306 yana tsallake dokokin ufw. In sabar kaɗai ke buƙatar rumbun, rubuta -p 127.0.0.1:3306:3306.