Filin Tambaya da Amsa: Mai jiran shari'a a wuyan wa yake, jiha ko tarayya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista, sannu da ƙoƙari. Don Allah ina da tambaya da ta hana ni sukuni. Ƙanena yana tsare a gidan yari tun bara saboda wani faɗa da aka yi har aka rasa rai, har yau ba a fara shari'a ba, duk sanda aka zauna sai a ce ana jiran shawara daga ma'aikatar shari'a. Ma'aikatan gidan yarin sun ce su ajiya aka basu, su na tarayya ne, kotun kuma ta jiha ce, 'yan sandan da suka kama shi su ma na tarayya. To wai waye ke da alhakin yaron nan? Kuma da gaske ne in aka sakar wa jihohi komai abin zai gyaru?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo masa mafita. Abin da suka gaya miki gaskiya ne, kuma nan ɗin ne ainihin ciwon yake. Kinga a Najeriya yawancin dokokin laifi na jihohi ne, Arewa tana kan Final Kod tun 1960, Kudu kuma tana da nata kundin tun 1916, sannan daga 2000 jihohin Arewa 12 suka ƙara da dokokin shari'ar Musulunci. Amma mai kamawa ɗan sandan tarayya ne saboda sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, mai gabatar da ƙara lauyan gwamnatin jiha, alƙali na jiha, sai kuma a ɗauki mutum a kai shi gidan yarin da tarayya ce ke ciyar da shi. To jihar da fayil ɗin ƙanenki ya kwanta a teburinta ba ta asarar ko sisi in ya shekara a ciki, tarayyar da ke biyan kuɗin abincinsa kuma ba ta da ikon sallamarsa. Shi ya sa kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar ba a yanke musu hukunci ba, jira kawai suke.

Shi wannan jiran shawarar ga yadda yake faruwa. Kotun majistare ba ta da hurumin sauraron zargin kisa, amma nan 'yan sanda ke fara kai mutum don a basu izinin tsare shi, sai a tura fayil ma'aikatar shari'a lauyoyi su duba ko akwai hujjar da za a kai shi babbar kotu. A tsakanin caji ofis da ma'aikatar nan fayil ke yin barci, wani lokaci ma ɗan sandan da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jihar, kuma gwamna ba shi da ikon cewa a dawo da shi.

Ba mu kaɗai ke da tsarin tarayya ba fa. A Kanada dokar laifi ɗaya ce ta ƙasa baki ɗaya amma larduna ne ke gudanar da ita, kuma sun raba gidan yari a fili, wanda aka ɗaure shekara 2 ko fiye na tarayya ne, ƙasa da haka na lardi, mai jiran shari'a ma a hannun lardi yake, kinga wanda ya ja shari'a shi zai ciyar. Jamus ma dokar laifi ta ƙasa ce amma 'yan sanda da gidajen yari na jihohi ne. Indiya kuwa 'yan sanda da gidan yari duk na jihohi ne amma masu jiran shari'a sun kai kusan kashi 3 cikin 4 na fursunoninsu, don haka sakar wa jihohi kaɗai ba magani ba ne in kotuna sun yi kaɗan kuma talaka ba shi da lauya.

Ni dai ra'ayina, duk wanda ke da ikon kulle mutum shi ya kamata ya ɗauki nauyinsa har ranar da zai fito, kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. A Maris 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar yin nasu gidajen gyaran hali, amma dama kawai aka basu ba tilas ba, kuma gwamnan da ake masa aikin kyauta ba zai yi saurin karɓar sa ba.

Game da ƙanenki, kar ku zauna jira. Ku nemi lauya, in babu hali ku je ofishin Legal Aid na jiharku, wato hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta, an kafa hukumar tun 1976 don irin wannan, lauyan ya rubuta wa Antoni Janar na jiha ya kuma shigar da buƙata a babbar kotu. Dokar ACJA ta 2015, wato dokar tarayya kan yadda ake tafiyar da shari'ar laifi, ta ce umarnin tsarewa na farko kar ya wuce kwana 14, in za a ƙara sai an kawo dalili, jihohi ma sun yi irin tasu duk da adadin kwanakin yakan bambanta. Sannan ku tabbatar sunansa ya shiga jerin da ake gabatar wa babban jojin jiha in ya kai ziyara gidan yari, yana da ikon sallamar wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba.

TAMBAYA: Barista ni fa tsoron 'yan sandan jiha da ake maganar kafawa nake, gwamnonin nan in suka samu bindiga ai 'yan adawa sun shiga uku. Ko ya ka gani?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Ɗan'uwa tsoronka yana da tushe. Kafin 1966 muna da 'yan dokan En'e da gidajen yarin En'e, kuma tarihi ya nuna yadda aka riƙa amfani da su wajen muzguna wa 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a Jamhuriya ta farko, wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta Gowon ta narkar da su cikin rundunar tarayya. Ko yau ka duba hukumomin zaɓe na jihohi, da wuya ka ji jam'iyyar gwamna ta faɗi a zaɓen ƙananan hukumomi.

Amma kuma a ce gwamna shi ne babban jami'in tsaron jiharsa alhali kwamishinan 'yan sanda zai iya cewa sai ya ji daga Abuja kafin ya bi umarninsa, kamar yadda sashe na 215 ya ba shi dama, mutane kuma ana ta kashe su a ƙauyukan da ɗan sandan da aka turo bai san hanyarsu ba balle yarensu, wallahi wannan ma ba tsari ba ne. Jihohin ma ai sun riga sun fara ta bayan gida, ga rundunar tsaro ta Amotekun a Kudu maso Yamma tun 2020, ga askarawan da Katsina da Zamfara suka kafa, gara a yi abin a bisa doka da sharuɗɗa. Ni ina goyon baya amma sai in naɗa shugaban rundunar da cire shi bai tsaya a hannun gwamna shi kaɗai ba, albashi ya fito kai tsaye daga kason jiha kafin kuɗin ya isa hannunsa, a hana su aikin zaɓe kwata-kwata, sannan tarayya ta riƙe ikon bincikar su in sun ci zarafin mutane. Jihar da ake binta bashin albashin malaman firamare kuwa, a dakata mata tukuna sai ta nuna inda za ta samo kuɗin biyan mai riƙe da bindiga.