Gansakukar baranda: ga yadda na rabu da tawa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce barandar benenku a Barnawa ta yi kore shar, kina wankewa tana dawowa, har ƙaraminki ya zame. Allah ya ƙara tsarewa. Shekara 6 na yi a hawa na biyu a Unguwar Rimi, na sha fama da wannan abin.

Gansakuka tsiro ce mai rai, laima da inuwa take so. Shi ya sa a markar Agusta take cin karenta babu babbaka, hunturu na shigowa kuma ta lafa. Omo saman kawai yake ɗaukewa.

Ki jira ranar da rana ta buɗe. Fara kankare mai kaurin da buroshi mai tauri tun tana bushe, ki kwashe a leda, kada ki tura ta magudana. Sai ki zuba kofi 1 na Hypo a kofi 10 na ruwa, ki jiƙa ƙasan da gindin bango, ki bar shi minti 15. Za ki ga koren yana komawa fari-fari. Nan ne za ki dirje, musamman tsakanin tayil, sannan ki ɗauraye sosai. Sa safar hannu da tsohuwar atamfa, ki janye tukwanen fulawa. Ki kuma leƙa ƙasa kafin ki watsa ruwa. Ni na taɓa ɓata wa maƙwabciyata sabon mayafin da ta shanya, har yau ina jin kunyarta.

Don Allah kada ki haɗa Hypo da ruwan wanke masai ko wani abu mai asid. Iska mai guba suke fitarwa, tana shaƙe mutum nan take.

Amma abin da ya raba ni da gansakukar ba wankin ba ne. Wata rana bayan an ɗauke ruwa na tsuguna na duba, ashe ramin magudanar ya toshe da yashi da ganyen darbejiya, ga bututun AC yana ɗiga a lungu guda dare da rana. Na zure ramin da waya, na saka wa AC dogon tiyo, mai gidan ya kawo birkila ya gyara gangaren da siminti. Daga nan da an ɗauke ruwa sai in bi da tsintsiyar kwakwa in kore abin da ya kwanta.

Gobe in an yi ruwa, ki ba shi awa 1 ki fita ki ga inda ya taru, ki ɗauko mana hoton wurin.